Gurbin da Aka Bar wa Baba

"Bayan gajeriyar rashin lafiya." Haka Baba Ɗalha, ƙanen mahaifina, ya rubuta a zauren WhatsApp na 'yan Nijar mazauna Greensboro ta Amurka ranar da aka binne Baba. Ina zaune a ƙasa cikin matan da suka zo gaisuwa na karanta, na ji kamar in maka wayar da bango. Gajeriya? Mutumin da ya kusa shekara biyu yana fama, yana ɓoyewa, yana rantse mini cewa basir ne?

Kansar mafitsara ce ta kashe mahaifina, wadda likitocin nan suke kira prostate. Na faɗa, kuma zan ƙara faɗa, don a gidanmu ba mai faɗa. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a garejinsa na Pleasant Garden, da sifana a hannu, sannan muka san abin da ake ciki. Lokacin kuwa ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Duk tsawon watannin nan jiƙo yake sha, wani sassaƙe mai ɗacin tsiya da ake aiko masa daga Maradi a ƙaramin buhu. Ya jiƙa, ya ɗura a gorar ruwa, yana gyaran mota yana kurɓa. In na tambaya ya ce, "Basir ne, ɗiyata, basir na tsufa." Har yau ina jin haushinsa. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina kuma jin haushinsa, duka biyun a tare.

Kafin ya cika, likitarsa ta ja ni gefe ta ce idan yana da ɗan'uwa namiji na jini, to ya hanzarta a gwada shi, don ciwon yana bin dangi. Gwajin farko na jini ne kawai, ba wani abu ba. Ɗan'uwa ɗaya Baba yake da shi a duniya, kuma ni ma shi kaɗai ya rage mini, don mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama a Maradi.

Ranar da aka fito da kayan Baba za a bayar sadaka, Baba Ɗalha bai ɗauki riga ba, bai ɗauki hula ba. Ina kallonsa ta taga ya shiga gareji, ya fito da ragowar buhun sassaƙen nan, ya cusa a but ɗin motarsa yana waige-waige. Na samu matarsa Anti Aissa a kicin, na tsare ta da ido har sai da ta rufe ƙofa.

"Ki rufa mini asiri, Malika," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ya barci. Ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi, kullum yana hanyar toilet. In na ce mu yi appointment sai ya ce sanyi ne."

Wancan basir, wannan sanyi. Mazan gidanmu sun iya raɗa wa ciwo suna mai daɗin ji.

Na gwada yi masa magana ta hanyar ladabi. Na je gidansa, na durƙusa, na gaishe shi, na kewaya, na kewaya, sannan na ce likitar Baba ta ce 'yan'uwa su ma ya kamata a duba su. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Malika, ki ji tsoron Allah. Ni ubanki ne. Wannan magana ba ta ɗiya da ubanta ba ce. Tashi ki kai wa Aissa kwanon ga."

Na tashi na kai kwano. Da na fito na zauna a mota na yi ta dukan sitiyari har tafin hannuna ya yi ja.

Baba bakanike ne, motoci yake gyarawa ya ci abinci, amma ransa yana kan babura. Tsofaffi guda biyu ya bari. Akwai wata jar Honda ƙirar shekarun saba'in da ya saya a matsayin tarkace ya tayar da ita da hannunsa, yana kiranta Tsohuwa. Akwai kuma wani ƙaramin baƙi mai yawan tari. Da aka raba gado, Tsohuwa ta faɗo hannuna, baƙin ya tafi wurin Baba Ɗalha. A kan Tsohuwa Baba ya koya mini tuƙi, a filin bayan gidanmu, mutanenmu suna ta surutu cewa Issaka ya ɗora ɗiya mace a kan moto kamar ɗan kabu-kabu. Shi dai dariya yake yi, ya ce in ƙara giya.

Yana da abokai da mutanenmu ba su sani ba, wata ƙungiyar masu tsofaffin babura, yawancinsu dattawa masu furfura da tumbi. Shi yake gyara musu kabreta. Ba su iya faɗin Issaka ba, sai suka mai da shi Zak. Shugabansu Malachy, wani dogon tsoho mai gemu har ƙirji, shi ya zo ya same ni bayan sanyi ya wuce. Ya ce duk shekara suna yin jerin gwano na babura don tunawa da wani nasu da ya rasu, kowane mahayi ya ba da abin da ya sawwaƙa, a biya wa mazan da ba su da inshora kuɗin gwaji. Bana na Zak ne. Za a tashi daga Pleasant Garden, a zaga ta Sedgefield, a ƙare a tsakiyar gari, inda wata doguwar motar asibiti za ta tsaya tana ɗibar jinin duk mai so kyauta. Ya tambaye ni ko zan hau Tsohuwa in shiga gaba.

Ban yarda don ƙarar inji ko don a tafa mini ba. Motar asibitin nan na hango. Na ce a raina, in Baba Ɗalha ya zo ya ga tsofaffi sa'anninsa sun yi layi suna naɗe hannun riga ba tare da kowa ya mutu don kunya ba, wataƙila ya bi layi. Dabarar da ta rage mini ke nan, ba ni da wata.

Na saka sanarwa a zauren WhatsApp, na rubuta sunan ciwon ƙarara. Aka yi ta turo "Allah Ya jiƙansa", ba wanda ya ce zai zo. Wata ma ta turo saƙon murya mai tsawo a kan mace da babur. Na kira Baba Ɗalha da kaina.

"Mamaci addu'a yake so, ba ƙarar salansa ba," ya ce. "Kuma mi ya sa kika rubuta sunan ciwo a group? Kin tona wa ubanki asiri yana kabari." Ya kashe waya.

Ranar Asabar ɗin da aka tsayar, na isa filin ajiye motoci na wata coci a Pleasant Garden, inda aka ce a haɗu. Na ɗaura ɗankwali, na ɗora hular kwano a kai, na sa rigar fatar Baba wadda hannayenta suka rufe mini yatsu sai da na naɗe. Babura sun cika filin, wasu sun girme ni nesa ba kusa ba, an goge su suna ta walƙiya. Na duba ko'ina, ban ga fuska ɗaya daga cikin mutanenmu ba. Mutanen da suka ci shinkafar sadakar Baba har da guzuri a leda.

Malachy ya hau bayan wata a-kori-kura ya yi bayani da Turanci. Layi biyu za a yi, hagu da dama. Shi ne a gaba, ni ina bayansa ta hagu. Sannan ya nuna wurin da ke damata, ya ce wannan gurbin na Zak ne. Haka al'adarsu take, ana barin wurin mamaci babu kowa daga farkon tafiya har ƙarshenta, kuma ba wanda zai shiga, ko da wasa. Dattawan nan duk suka cire huluna. Ni na san inda Baba yake, na san maƙabartar, na san layin. Amma da na kalli ɗan filin kwaltar nan da ke gefena, sai na yi saurin kau da kai.

Na buga wa Tsohuwa kik yadda ya koya mini, a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka saki nauyinka gaba ɗaya. Ta tashi a bugun farko. Muka fita titi a jere, ƙarar injuna tana shiga har cikin haƙora. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar suna riga mu zuwa kowace mahaɗa suna tare hanya, don haka ba tsayawa. Muka wuce gidaje masu faɗin fili, wani tsoho mai yankan ciyawa ya kashe injinsa ya dafe ƙirji. Ina tafiya ina satar kallon damata, ina yi wa Baba faɗa a cikin hular kwano inda ba mai ji. Na ce ka gani ko? Ga mutanen da suka zo maka. Jini kaɗan za a ɗiba a hannunka, ka ƙi, ka zaɓi ɗacin itace.

Ban san iya nisan da muka yi ba sai na hango wani farin abu yana kaɗawa a madubi, can baya. Na ɗauka tuta ce. Sai na ji hon, ɗit-ɗit, ɗit-ɗit, siriri mai naci. Farin abin nan ya fito daga layin dama ya kutsa na hagu, ya sake komawa, yana ratsa tsakanin babura yana matsowa. Babu mai irin wannan tuƙin a duk North Carolina sai wanda ya yi kabu-kabu a Maradi da ƙuruciyarsa.

Baba Ɗalha ne a kan baƙin babur, cikin farar babbar riga ta zuwa Juma'a, iska ta cika ta ta kumbura. Hular kwanon a ɗore take bisa hularsa ta saƙi, igiyar tana reto a gefen kunne. Duk wanda ya gifta sai ya ɗaga masa hannu alamar a yi haƙuri. Ya makara, kamar yadda ya saba makara a komai in ba salla ba, bai ji ko kalma ɗaya daga bayanin Malachy ba.

Da farko daɗi na ji, wallahi har zuciyata ta yi tsalle. Ya zo! Sai na ga inda ya nufa.

Ya wuce mutum na ƙarshe da ke tsakaninmu, ya karkato, ya shige gurbin da ke damata ya daidaita tayarsa da tawa. Ya gyara zama, ya juyo ya washe mini baki kamar wanda ya kawo tsaraba.

Na kaɗa masa hannu, ina nuna baya. Ya kaɗa mini hannu shi ma. Na yi ihu, "Baba, fita daga nan! Koma baya!" Ƙarar injuna ta haɗiye maganar. Ya ɗaga mini babban yatsa. Na ga Malachy yana leƙen madubinsa, ya girgiza kai. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, amma ba kunyar ce ta fi ci mini rai ba.

Zamansu ɗaya da Baba. Yadda yake buɗe gwiwar hannu, yadda yake ɗan tura wuya gaba, duk iri ɗaya. Kuma a bayan sirdinsa, an ɗaure da roba, ga gorar ruwa cike da jan jiƙon nan yana kaɗawa. Mutum ya ɗauko ciwon ɗan'uwansa, ya ɗauko gorar ɗan'uwansa, ya zo ya zauna daram a wurin da aka ware wa gawa, yana yi mini murmushi. Haka muka tafi har Sedgefield, gefen filin wasan golf da gidajensa masu tsafta, hawaye suna zubo mini ba halin sharewa. Ban taɓa jin fushi irin na wannan tafiyar ba.

An shirya za a huta a wani gidan mai. Kafin in kafe Tsohuwa, Baba Ɗalha ya riga ya dire, ya tattare riga, ya nufi bayi da sauri-sauri har yana haɗawa da ɗan gudu. Na cire hular kwano na tsaya kusa da babur ɗinsa ina jira. Ya daɗe a ciki. Ina nan tsaye motoci biyu suka shigo suka faka, sai ga Anti Aissa ta fito da kuloli, ga wasu dattawan mutanenmu su ma sun fito suna gyara huluna. Ashe shi ya tattaro su, suka biyo bayan jerin a mota.

Ya fito yana yarfe ruwa daga hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Malika! Kin ga na iso ko? Na kwana ina tunani, na ce ɗiyar yayana ba ta tahiya ita kaɗai cikin baƙi. Amma mutanen ga ba su iya sahu ba. Su bar gurbi haka a gaba, kusa da ɗiya mace, kowa yana kallo ba mai matsowa? Na ce bon, bari in cike."

"Baba, ka san wurin wa ka shiga?"

"Wuri ne babu kowa. Ko a masallaci in ka ga gurbi a sahu ai cikewa kake yi, ba ka jiran a kira ka."

"Wurin yayanka ne. Da gangan aka bar shi. Al'adarsu ce, wurin mamaci ne, ba mai shiga."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya waiga ya kalli dattawan babura da suke shan ruwa suna yi kamar ba su gan mu ba.

"Subhanallahi. To ai ba a hwaɗa mini ba."

"Ina za a faɗa maka, ka zo bayan an tashi?"

Da na tsaya a nan, da an wuce wurin. Zai ba Malachy haƙuri, a yi dariya, a ci fanken Anti Aissa, ya koma gida da gorarsa. Na san haka sarai. Na sa hannu na fizge gorar daga cikin robar.

"Amma ka yi zamanka, Baba, kada ka tashi. Wurin ya dace da kai. Ai hanyar ka ɗauko. Ga gorar, ga shirun, ga sunan ƙarya da ka raɗa wa ciwo. Shi ya ce basir, kai ka ce sanyi. Me ya rage? Baɗi sai su bar gurbi biyu, in hau tsakiya!"

"Ke Malika!" in ji Anti Aissa, ta saki murfin kula ya faɗi.

"Yanzu daga ina ka fito da gudu? Fitsari ne ya matse ka, kuma ka shiga ya ƙi fita. Ba ka barci, kwana kake kana zarya. Ƙarya nake yi? Anti, ƙarya nake yi? Haka Baba ya fara, ina gani na yi shiru don ni ɗiya ce. Kansa ce ta kashe shi, kansar mafitsara, ba gajeriyar rashin lafiya ba! Doctor ta ce tana bin jini. Blood test ne kawai, Baba, allura ɗaya, free, ba wanda zai tambaye ka insurance, ba wanda zai ce ka tuɓe wando!"

Wani dattijo daga cikin mutanenmu ya ce, "A'uzubillahi! Ke yarinya, ubanki ne fa!" Wani ya juya baya yana tasbihi. Masu babura ba sa jin Hausa, amma duk sun juyo suna kallonmu, har wanda ke zuba mai ya saki famfo. Na kwance murfin gorar na tuntsurar da ita. Jiƙon ya malala a kan siminti ya bi ta ƙarƙashin takalminsa, warin ɗacinsa ya tashi, warin garejin Baba sak.

Baba Ɗalha bai ɗaga murya ba. Ya kalli jiƙon, ya kalli matarsa wadda ta rufe fuska da mayafi, sannan ya kalle ni.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Issaka bai koya miki haka ba."

"Bai koya mini ba. Shiru ya koya mini, ga inda shirun ya kai shi."

Malachy ya matso a hankali, ya miƙa masa hannu, ya ce ya ga kama, lallai wannan ɗan'uwan Zak ne. Ya ce in yana so ya ci gaba da tafiya a wurin, ba wanda ya fi shi cancanta. Baba Ɗalha ya karɓi hannun, ya ce masa da Turancinsa na aiki, "No, sorry, sorry, my mistake." Ya kama kan babur ɗinsa ya tura shi da ƙafa, ya wuce layin gaba ɗaya har can ƙarshe, gefen babbar rigarsa yana jan ƙasa. Bai ƙara kallona ba.

Da muka koma titi, gurbin ya dawo yadda aka so shi, fili fetal. Ai abin da na yi ta ihu a kai ke nan. Sai ga shi na kasa kallon wurin. Idona yana kan madubi, ina neman farin abu a baya, ba na ganin komai sai fitilu da baƙaƙen riguna. Na ce shi ke nan, ya juya gida. Na kunyata shi a gaban abokansa, na tona asirin matarsa, ba zai ƙara buɗe mini ƙofa ba, balle ya saurare ni. Zai aika Maradi a kawo sabon buhu. Fushin bai tafi ba, yana nan, amma yanzu tsoro ya hau kansa ya zauna. Na ce wa Baba a cikin hular kwano, duk kai ka jawo, kai ka bar ni da wannan aikin.

Muka shigo tsakiyar gari ta Elm Street. Masu shan kofi a bakin shaguna suka miƙe suna ɗaukar mu a waya, yara suna toshe kunne suna dariya. Muka shiga wani fili kusa da tashar bas, ga doguwar motar asibitin a gefe, an kafa mata rumfa da kujeru. Malachy ya ɗaga hannu, aka kashe injuna gaba ɗaya. Ya kira sunan Baba, wannan karon ya yi ƙoƙari ya ce Issaka, ya faɗi sunan ciwon, ya ce duk namijin da ya manyanta ya je ya miƙa hannu kafin ya taɓa abinci. Aka tafa. Mutane suka yi ta zuwa suna rungume ni, ni kuwa ina leƙen bayansu.

Na zaga filin kaf. Baƙin babur ba ya cikin layi. Motocin mutanenmu sun iso, dattawan suna tsaye can nesa a inuwa, da na doso suka ɗauke kai. Anti Aissa tana raba fanke a faranti, ta miƙa wa na damana, ta miƙa wa na haguna, ta tsallake ni. Ban tambaye ta ba, don ba ni da bakin tambaya. Layin gwaji ya yi tsawo a gaban motar, duk tumbi da furfura, babu babbar riga ko ɗaya.

Kuka ya taso mini, kuma ban yarda in yi shi a gaban mutanen nan ba. Na kewaya bayan motar asibitin, wajen da injin ba da wuta yake ruri, inda ba kowa. A nan na ga baƙin babur, an cusa shi tsakanin motar da katanga, inda ba mai hango shi daga fili. Robar tana nan a bayan sirdi, babu gora.

Ƙofar baya ta buɗe. Baba Ɗalha ya sauko daga matakala a hankali, ya saɓa hannun babbar riga a kafaɗa, ga auduga an manne masa da filasta a gwiwar hannu. Ya gan ni, ya ɗaure fuska tamau. Ya saki rigar ta rufe audugar, ya wuce ni ya kama babur ɗinsa.

Na bi bayansa. Haƙuri zan ba shi? Ban yi nadama ba. Godiya zan yi? Sai ya ƙara jin haushi.

"Sun ce za su kira in résultat ya hito," ya ce, yana kallon tankin mai. "Lambarki na ba su."

"Tawa? Ba ta Anti ba?"

"Aissa tana da kunya. Ni ma ina da ita." Ya ɗora hular kwano bisa hularsa, ya danna. "Ke ce ba ki da ita a gidanmu. In lokotoro ya kira, ko mi ya ce, ki zo ki hwaɗa mini kamar yadda kika hwaɗa ɗazu. Kada ki rage komi."

Ya buga kik, babur ya yi tari ya mutu. Ya sake bugawa, ya sake mutuwa. Na sunkuya na buɗe masa makunnin mai da ya rufe ya manta. A bugu na gaba ya tashi. Bai ce na gode ba, bai ce sai an jima ba, ya fita ta bayan fili rigarsa tana cika da iska.

Na tsaya har ya sha kwana. Sannan na laluba aljihun rigar Baba na ciro wayata, na cire ta daga shiru, na ƙure mata ƙara.